Saukowar Fatar Idon Jariri: Shin Tiyata Canza Halittar Allah Ce?

A wasu gidajenmu akan haifi yaro fatar idonsa ta sama ta sauko ta rufe ƙwayar idon, saboda raunin tsokar da ke ɗaga ta. Sai mu ga yana ɗaga haɓa domin ya hango abin da ke gabansa, mu ce haka Allah Ya halicce shi, mu bar shi.

Likitocin ido sun yi gargaɗi cewa ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne tun ƙuruciya. Idon da ya daɗe a rufe yana iya raunana har abada. A aikin, ko dai a gajarta tsokar, ko a rataya fatar ga tsokar goshi.

Wannan neman magani ne, ba canza halitta ba. Manzon Allah (SAW) ya umarci Arfajah ɗan As'ad ya sanya hancin zinare bayan an yanke nasa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta gyara lahanin haihuwa.

Ganin yaro amana ce a wuyanmu. Mu kai shi wurin likitan ido da wuri, sannan mu dogara ga Allah.