Kwamfuta da littafin garke: yadda ake gane saniyar asali

Ƴan'uwa makiyaya, da yawa cikinku kan tambaya: mi ya sa ma'aikatan kiwo ke damun mutane da tambayar uwar maraƙi, ubansa, da watan da aka haife shi? Ba jangali ba ne. Ga dalilin.

Mu ɗauki misali. Saniya guda ta haihu da damana, tana kiwo arewa da fadamar Tarka, tana ba da lita 4 a yini. Wata ta haihu da bazara, haihuwar fari, ba dussa ba harawa, tana ba da lita 3. Wace ta fi? Ido zai ce ta farko. Amma watakila ciyawa ce ta yi aikin, ba jini ba. In ka sayar da ta biyu a kasuwar Dakoro, ka fidda iri mai kyau daga garkenka, ba ka sani ba.

Don raba gado da kiwo ne masana ke aiki da wani lissafi da ake kira lissafin gauraye. Wani Ba'amurke, Charles Henderson, na jami'ar Cornell, shi ya kafa shi wajen 1950. Lissafin yana cire rabon lokacin haihuwa, shekara, garke da yawan haihuwar saniya. Sannan ya dubi nonon danginta: uwa, ƴan'uwa, ɗiya. Abin da ya saura, shi ne abin da za ta iya gadar wa ɗanta. Ko bajimi, da ba a tatsa, ta nonon ɗiyansa mata ake auna shi. Da hannu aikin ba ya yiwuwa; shi ya sa ake sa wa kwamfuta tsare-tsaren lissafi irin su SAS, ko R wanda kyauta ne.

Kwamfuta fa ba ta san daji ba. Abin da aka rubuta shi take ci. A tashar Tukunus, inda ake zaɓen shanun Azawak tun 1954, ana rubuta haihuwa da nono, don haka lissafi ke da abin kamawa. A garkunanmu kuwa, inda bajimai ke haɗuwa bakin rijiya, uban maraƙi shi ne matsala. In ba ka tabbata ba, ce "ban sani ba". Kwamfuta na iya aiki da gurbi, amma uban ƙarya yana ɗora wa bajimi darajar da ba tashi ba.

Kuma in ɗan kunne mai lamba ya faɗi, ku aje shi, ku gaya wa ma'aikacin kiwo wace dabba ce tun ba a manta ba.