Tayar tsere a motar gida: me ya sa ba ta jituwa da titunanmu?

Idan kana kallon tseren Formula 1 a waya, wataƙila ka lura tayoyin motocin sumul suke, babu zane ko ɗaya, kamar tayar da ta suɗe. Amma sai ka ga mota ta sha kwana a guje ba ta zame ba. To, idan kana cikin matasan da ke sha'awar wasan mota, tambayar da za ta zo maka ita ce: in na samo irin wannan taya, ko mai kama da ita, na ɗaura wa motar da nake hawa tsakanin Gumel da Maigatari, ba shi ke nan ba? A'a. Bari mu ga dalili.

Taya tana kama titi ne ta hanya biyu. Na farko, roba tana lotsawa ta shiga 'yan ƙananan ramukan da ke jikin kwalta. Na biyu, tana ɗan mannewa a jikinta kamar ƙaro. Duk laushin roba, duk ƙarfin kamun. Shi ya sa ake yin tayar tsere da roba mai taushi, a kuma rage zane ko a cire shi baki ɗaya, don roba mai yawa ta taɓa ƙasa.

Sai dai wannan robar ba ta aiki sai ta ɗau zafi, galibi wajen digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas. A Formula 1 har bargon lantarki ake lulluɓa wa tayoyi kafin mota ta fita. Za ka ce ai zafi a Maigatari ba a magana, a watan Afrilu yakan haura 40. Gaskiya ne, amma tuƙin yau da kullum ba ya kai taya inda ake so. Da asubar hunturu kuwa robar takan ƙandare, har tayar gida ta fi ta kamu. Kuma duk lokacin da ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri. Bayan 'yan zagaye irin wannan, za ka ga taya da sauran nama a ido, amma kamun ya tafi.

Sai maganar damina. Zanen taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Idan mota na gudu a kan ruwan da ya kwanta, dole ruwan ya samu hanyar fita daga ƙarƙashin taya. In bai samu ba, sai taya ta hau kansa ta rabu da kwalta. A lokacin, ka murɗa sitiyari ko ka taka burki, duk ɗaya. Su kansu masu Formula 1, da ruwa ya sauko sukan tsaya a sauya musu tayoyi masu zane. Kai da hadari zai riske ka a hanyar Gagarawa a watan Agusta, wa zai sauya maka?

Ga kuma yashi. Filin tsere sharar sa ake yi. Titinmu kuwa iska na kwaso rairayi ta zuba masa, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ga shanu da raƙuma da manyan motoci. Roba mai ɗanko tana kwashe yashi da tsakuwa, sai ta koma birgima a kansu. A hanyar burji ta ƙauyukan Sule Tankarkar kuwa ba ta da abin kamawa sam, ga ƙayar aduwa tana jira. Yawancin irin waɗannan tayoyi gefensu gajere ne kuma mai tauri, don haka rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa maka wili.

Akwai wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba. A ce ma tayar ta ɗau zafi ta kama da kyau. Ƙarfin nan a kan shokazoba da boris da burkin motarka zai sauka, alhali ba don haka aka ƙera su ba. Mota mai tsayi kuma, maimakon ta zame a kwana, tana iya kifewa. Tayar gida takan yi ƙara ta gargaɗe ka kafin ta saki. Ta tsere sau da yawa sakinta farat ɗaya ne.

Yaya za ka gane ta a hannun mai sayarwa? Duba gefen taya. A kan da yawa za ka ga kalmar TREADWEAR da lamba. Tayar gida takan kasance 400 zuwa sama, mai 200 ko ƙasa da haka kuwa ta wasa ce, saurin cinyewa gare ta. Sannan ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Wannan ya fi shafar 'yan gwanjo, domin tayar tsere da aka gama moriyarta a Turai tana iya zuwa da kyan gani, alhali ta riga ta mutu.

In dai da gaske kake son wasan, yi yadda masu yin sa a ƙasashen waje ke yi: wili kashi biyu. Ɗaya da tayar gida don zirga-zirga, ɗaya na wasa da ba a ɗaurawa sai an isa killataccen fili, inda babu yara, babu 'yan acaɓa, babu 'yan rakiyar amarya. Ka auna iska tun taya na da sanyi, domin tana ƙaruwa idan ta yi zafi. In an tashi, mai faci ya mayar maka da na gida kafin ka hau titi.