Muryar mai gabatarwa da zaɓin kiɗa: yadda masu saurare a Matameye ke bambanta tashoshin rediyo

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba tambaya guda: idan tashoshi da yawa suna magana da harshe ɗaya, da me mai saurare ke gane tasharsa? Mun zaɓi Matameye, babban garin gundumar Kance a jahar Damagaram, domin yana bisa hanyar da ke bi ta Daura zuwa Kano. Mutumin wannan yanki ya daɗe yana kama Yamai, da Damagaram, da Kaduna, da London, dukansu cikin Hausa. Harshe kaɗai, ke nan, ba ya raba su. Ra'ayinmu shi ne abu biyu ke raba su: muryar mai gabatarwa, da irin kiɗan da yake sakawa.

2. Zamanin tashoshin gwamnati

An buɗe Rediyo Nijar a 1958, aka sake mata suna Muryar Sahel a 1974. Tasha ce ta ƙasa baki ɗaya, dole ta raba lokacinta tsakanin Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Barbarci, Fulatanci da sauran harsunan ƙasa. Saboda haka Bahaushen Matameye yana jiran sa'arsa ne. Rediyon Kaduna kuwa, wadda ta soma aiki a 1962, kusan yini take yi cikin Hausa. Wannan bambanci ya ba Kaduna rinjaye a kudancin Nijar, ba don labarunta sun shafi manomin rake na Kance ba, sai don kiɗanta da mutanenta.

Kiɗan Kaduna shi ne na Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace: makaɗan da iyakar ƙasa ba ta tsare su ba. Amma shirin da ya fi ɗaure masu saurare shi ne Zaɓi Sonka. Tsarinsa mai sauƙi ne: mutum ya aika kati da sunayen waɗanda yake gaisarwa, mai gabatarwa ya karanta, sa'an nan ya saka waƙa. Abin lura a nan shi ne waƙar ba ita ce kan gaba ba. Sau da yawa ana yanke ta tun ba ta yi nisa ba, domin a ci gaba da jera sunaye. Mai gabatarwa da ya iya kiran suna da laƙabi da sunan ƙauye, ya yi ɗan ba'a, ya nuna ya shaida mai katin, aikinsa ya yi kusa da na maroƙi: yana fito da sunan mutum a bainar jama'a. Daga nan ne aka samu ƙungiyoyin ƴan zaɓi sonka, mutanen da suka san juna ta rediyo kafin su haɗu ido da ido.

Tashar Damagaram ta Muryar Sahel tana da abin da Kaduna ba ta da shi, wato Damagaranci da makaɗan gida, irin su Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Sarkin Damagaram, da wasannin kwaikwayo na ƙungiyar Yazi Dogo. Mai saurare ba ya zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Yana raba musu lokutan yini. BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, ta labarai ce, ba a nemanta don kiɗa.

3. Bayan taron ƙasa na 1991

Taron ƙasa ya buɗe hanya ga tashoshi masu zaman kansu. R et M ta fara a Yamai a 1994, sunanta ma, Radio et Musique, ya faɗi manufarta. Anfani ta Grémah Boucar ta biyo baya, daga bisani ta buɗe reshe a Damagaram. Rediyon karkara ta farko ta jama'a an kafa ta a Bankilare a 1999, sa'an nan irinta suka bazu cikin ƙasa.

Zangon FM ba ya tafiya nesa, don haka mai gabatarwa ya zama maƙwabci: ana ganin sa a kasuwa, ana sanin gidansu. Da wayar salula ta yaɗu a shekarun 2000, kira kai tsaye ya maye gurbin kati, gaisuwa ta koma cikin muryar mai ita.

Kiɗa ma ya rabu. Waƙoƙin finafinan Kano, masu amon Indiya da fiyano, sun ja mata da samari. Dattawa suka tsaya ga kalangu da kuntigi. A gefe guda akwai masu sauraren da ke ƙyamar kiɗa saboda dalilin addini, su wa'azi da tafsiri suke nema, al'adar da Kaduna ta kafa da tafsirin Abubakar Gumi. Ƙaramar tasha mai masu saurare kaɗan ba ta iya zaɓen rukuni ɗaya kamar yadda tashoshin Kano ko Yamai ke yi. Sai ta yanka yini gunduwa-gunduwa, kowane rukuni da sa'arsa da mai gabatarwarsa. Shi ya sa a irin waɗannan garuruwa mutane kan kira shiri da sunan mai yin sa, kuma in ya koma wata tasha, da yawa daga masu kiransa sukan bi shi.