Tsohon bidiyo ya ƙi buɗewa? Kada ku goge shi

 

Darasinmu na yau daga aji ya fito. Wata dattijuwa cikin ɗalibaina ta zo mani da faifan CD ɗaure cikin ƙyalle. Bikin auren ɗiyarta ne anka ɗauka, kusan shekara 20 ke nan. Cikinsa akwai maigidanta, Allah ya jiƙan shi, yana sa ma amarya albarka. Akwatin kallon faifai na gidansu ya daɗe da mutuwa. Jikanta ya kai faifan anka tura bidiyon cikin salula, salula ta ƙi buɗe shi. Yaro ya ce ya lalace, a goge. Ita ko ta ce a dakata, sai ta tambayi malam.

Ta yi daidai. Bidiyon lafiya lau yake. Ku saurara ku ji dalili.

Mi ya hana shi buɗewa?

A ce an aiko maka wasiƙa da ajami, kai kuwa boko kaɗai ka koya. Ka duba, ka sake dubawa, ba ka gane komi ba. Wasiƙa ta lalace ke nan? A'a. Rubutun ne ba ka sani ba. Dabara biyu gare ka. Ko ka nemi wanda ya iya ajami ya karanta maka, ko kuwa ka sa a juya maka ita zuwa boko, ka riƙa karanta abinka.

Haka bidiyo yake. Kowane zamani da irin rubutun da na'urorinsa ke ajiye hoto da murya. Salular yau ba ta san dukan rubutun jiya ba. Shi ya sa wani lokaci ta ƙi buɗewa ɗungum, wani lokaci hoto ya fito babu murya.

Ku karanta wutsiyar suna

Ga inda karatunku zai yi maku rana. Kowane bidiyo yana da suna. A ƙarshen sunan akwai ɗigo, bayan ɗigon galibi akwai baƙaƙe uku. Mu kira su wutsiyar suna. Ita ke faɗin irin bidiyon.

DAT: na faifan VCD ne, wanda ya fito cikin 1993. In an buɗe faifan cikin kwamfuta, a shiga jakar da anka rubuta ma MPEGAV. Can bidiyon yake, da suna AVSEQ01.DAT. Na dattijuwarmu irin wannan ne.

VOB: na faifan DVD ne, yana cikin jakar VIDEO_TS.

3GP: na tsofaffin salula masu maɓallai ne.

AVI da WMV: an fi samun su cikin tsofaffin kwamfutoci.

MP4: shi ne wanda kusan kowace salula da talabijin ta yau ke karantawa.

Kada wani ya ruɗe ku ya ce a share DAT a rubuta MP4, shi ke nan. In ka rubuta «shinkafa» bisa buhun gero, abin da ke ciki gero ne har gobe.

Dabara ta farko: mai karanta kowane rubutu

Akwai wata manhaja, watau kayan aikin da ake sa ma salula ko kwamfuta, sunanta VLC. Ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta birnin Paris, ƙasar Faransa, sunka fara ta cikin 1996. Cikin 2001 anka sake ta ma kowa, kyauta. Alamarta wata hula mai tsini, ruwan lemu da fari, irin wadda masu gyaran hanya ke jerawa bisa titi. VLC ta san yawancin rubutun da, ta san na yanzu. A sa ta cikin salula, a buɗe bidiyon da ita. Sau da yawa nan take hoto da murya ke fitowa.

Dabara ta biyu: a juya shi zuwa MP4

In kuna son aika bidiyon ma dangi ta WhatsApp, ko ku kalle shi a talabijin, gara a juya shi. Wannan aikin kwamfuta ne. In ba ku da ita, ku je wurin masu tura waƙoƙi da finafinai a salula. Ku zauna a yi gabanku, kamar haka:

1. A fara kwafe bidiyon daga faifai zuwa kwamfuta. Kwafin za a taɓa, na asali a bar shi yadda yake.

2. A buɗe VLC. In da faransanci take, a taɓa «Média», sannan «Convertir / Enregistrer».

3. A taɓa «Ajouter», a zaɓi bidiyon, a wuce gaba.

4. Wurin da anka rubuta «Profil», a zaɓi layin da ke da H.264 da MP4.

5. A ba shi sabon suna mai ma'ana: bikin wa, wane gari, wace shekara. A taɓa «Démarrer», a jira.

In an gama, kada ku tashi. Ku kalli farko, ku kalli tsakiya, ku kalli ƙarshe. Ku tabbata akwai murya, kuma baki da magana suna tafiya tare. Sannan ku biya ladan aiki. In bidiyon sirrin gida ne, ku roƙi mai kwamfuta ya goge kwafin da ya rage wurinsa, kuna gani.

Gargaɗi uku

Na ɗaya, juyi ba ya ƙara ma hoto kyau. Hoton VCD ƙarami ne, ɗigo 352 a faɗi, 288 a tsaye. Na tsofaffin salula da yawa bai kai haka ba. In ya fito dishi-dishi a babban talabijin, ba laifin mai aikin ba ne.

Na biyu, kowane juyi yana ɗan rage ma hoto kyau. Don haka kada a juya abin da anka riga anka juya. Kullum a koma ga na asali. Shi ya sa ba a goge shi, ba a yar da faifan.

Na uku, kada ku ajiye wuri guda. Salula tana faɗawa rijiya, ana sace ta, katin memwar yana mutuwa babu sallama. Ku sa kwafi ɗaya cikin kile USB, ku ba wani ɗan uwa ɗaya. Faifai kuwa ba ya son rana, ba ya son zafi da ƙura. A goge shi da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, a sa shi cikin gidansa, a inuwa.

To, masu kaset fa?

Kaset ɗin bidiyo, watau VHS, ya fito ƙasar Japan cikin 1976. Shi zare ne, kwamfuta ba ta karanta shi kai tsaye. Sai an samu akwatin kaset mai aiki, a haɗa shi da kwamfuta ta wata ƴar na'ura. Kaset na awa 2, aikinsa awa 2 ne. Kamfanin Funai, na ƙarshe mai ƙera akwatin, ya daina cikin 2016. Waɗanda sunka rage suna ta mutuwa, zaren kuma yana tsufa. Mai kaset ya hanzarta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Dattijuwarmu ta ji muryar maigidanta ranar nan, cikin aji, mu duka muna shiru. Da hannunta ta rubuta ma sabon bidiyon suna.

Ga aikin gida. Kowa ya duba cikin salularsa ko ta ɗansa, ya nemo bidiyo uku, ya rubuta wutsiyar sunansu cikin littafinsa. Ku kai ma malaminku ku karanta tare.