Sanƙarau a Ƙasar Damagaram: Dalilin Lafawarsa da Dalilin Dawowarsa

Duk wanda ya girma a ƙasar Damagaram ya san cewa idan hunturu ya juya baya, iskar gabas ta ci gaba da zubo ƙura, zafin bazara kuma ya soma kamawa, akwai wani tsoro da kan shiga gidaje wanda ya sha bamban da tsoron yunwa da na ƙishirwa, shi ne tsoron yaron da zai kwanta da ciwon kai da zazzaɓi, ya wayi gari wuyansa ya sandare, idonsa ba ya son haske, kafin wata safiyar kuma a ji ana salati a gidan. Wannan annoba ta sanƙarau ta daɗe tana ziyartar ƙasashenmu, har wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana iyakokinta a 1963, ya nuna cewa tana da wani yanki da take maimaita zuwa, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, tun daga Senegal har Habasha. Damagaram kuwa tana tsakiyarsa.

Abin da ya wajaba a yi tahkiki a kansa shi ne sauyin da aka gani a 'yan shekarun nan. Bayan babbar shaushawa ta 2010 da 2011 annobar ta lafa ƙwarai, har wasu suka zaci an yi sallama da ita ke nan. Sai ga shi daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram kaɗai, 18 daga cikinsu suka rasu, alhali a irin wannan lokaci na shekarar da ta gabata mutum 231 ne. Gundumar Dungas ce ta fi jin jiki da mutum 342, sai Matamai, sai Mirya da Magarya, sa'an nan a tsallaken iyaka jihar Jigawa ma a lokacin tana fama da irin wannan. Mai hankali dole ya tambaya: allurar ce ta gaza, ko kuwa wani abu ne daban ya zo da tsohon suna?

Amsar tana cikin halittar ƙwayar cutar. Malaman ɗibbu sun tabbatar cewa ƙwayar da ke haddasa annobar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, suna yaɗa ta ta tari da atishawa da kusantar numfashi ba tare da sun sani ba, kuma a ɗan kaɗan ne daga cikinsu take kutsawa cikin jini, ta isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tana sanye da wata riga ta sukari da ke kare ta daga garkuwar jiki, kuma bisa bambancin wannan riga aka kasa ta jinsi jinsi, aka ba su haruffa: A da C da W da X da Y da sauransu. Garkuwar da aka koya wa gane riga ɗaya ba ta gane sauran. Jinsin A ne ya yi mulkin ƙasashenmu mafi yawan ƙarnin da ya wuce. Shi ya kama mutum wajen 40,000 a Nijar a 1995, shi ne kuma a 1996 da 1997 ya kama fiye da 250,000 a Afirka, ya halaka wajen 25,000.

A wancan zamani dabara ɗaya ce a hannun hukuma, wato a jira har adadin masu kamuwa a gunduma ya haye wani haddi, sa'an nan a nemi allura daga waje, a yi ta fafutukar raba ta; Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar allurar tana da naƙasu uku: ba ta aiki sosai ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaro, saboda haka wanda aka yi wa ya tsira da kansa amma yana iya ci gaba da yaɗawa. Shekarun 1995 da 1996 sun bar wani tabon kuma wanda ba na jiki ba: a annobar 1995 an gano cewa an yi wa mutum fiye da 50,000 a Nijar allurar jabu da ba ta ɗauke da komai, a 1996 kuma kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano ta hanyar da ta jawo shari'a mai tsawo. Amana idan ta karye tana da wuyar ɗori, kuma duk mai aikin shaushawa a ƙasar Hausa, ko ta wace iyaka, yana biyan bashin waɗannan al'amura har yau.

Ya kamata a faɗi wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba, cewa ƙasar nan da majinyatanta sun ba duniya ilimi a kan wannan cuta. A bazarar 2003 masu bincike na cibiyar Epicentre da ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da ma'aikatan lafiya na Nijar, sun gwada magunguna biyu a kan majinyata fiye da 500 a asibitocin Damagaram da Maraɗi, suka gano cewa allurar ceftriaxone guda ɗaya tana aiki daidai da tsohuwar allurar chloramphenicol mai maiko wadda samunta ke ƙara wuya, aka buga natijar a mujallar Lancet a 2005. Darajar wannan bincike a wurina ita ce tambayar da ya tashi a kanta: me malamin asibiti na ƙauye zai iya yi, shi kaɗai, da majinyata hamsin kwance a ƙarƙashin rumfa?

Irin wannan tambaya ce ta haifi allurar MenAfriVac. Da aka kafa shirin samar da ita a 2001, tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, jami'an lafiya na Afirka, har da na Nijar, sun kafa sharaɗin cewa kada a kawo musu allurar da ba za su iya saye ba, aka tsayar da farashi a ƙasa da rabin dalar Amurka, kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya karɓi aikin. Hikimarta ita ce an ɗaure sukarin rigar ƙwayar ga wani sinadari da garkuwar jiki ke saurin ganewa, sai garkuwar ta riƙe darasin shekaru masu yawa, ta kuma share ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa allurar ba ya sami inuwa daga wanda aka yi wa. An ƙaddamar da ita a Disamba 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga kowa daga shekara 1 zuwa 29. A Cadi an auna an ga cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi allurar, wani nazari da ya haɗa ƙasashe tara kuma ya nuna jinsin A ya ragu da fiye da kashi 99. Wannan nasara ce ta hakika, kuma abin da ya biyo baya bai rage mata komai ba.

Abin da ya biyo baya ya soma ne a 2013 a jihar Sakkwato, inda wani sabon reshe na jinsin C ya ɓulla, sai Kebbi a 2014. A 2015 ya afka wa Nijar, musamman Yamai da Doso, ya kama fiye da mutum 8,500, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a babban birnin; a ranin 2016 zuwa 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Shi ne kuma aka samu a Dungas da Matamai: cikin mutum 111 da gwaji ya tabbatar da cutar a jikinsu, 104 jinsin C ne.

A nan mutane sukan yi wani ƙiyasi mai sauƙin shiga zuciya, su ce korar A ce ta buɗe wa C ƙofa. Ni ban ga hujjar da ta kai wannan zance matsayin yaƙini ba. Masu binciken da suka karanta gadon halittar sabon reshen, suka buga sakamakonsu a 2018, sun nuna cewa asalinsa wata ƙwaya ce marar riga da ke zaune a maƙogwaro ba ta cutar da kowa, sai ta ari sassan halittar da suka ba ta rigar C da ƙarfin cutarwa daga 'yan uwanta, wannan musaya kuwa ɗabi'ar ƙwayar ce tun fil azal. Ƙari a kan haka, wasu jinsunan sun yi ɓarna tun kafin a san MenAfriVac: W ya tayar da annoba a Burkina Faso a 2002, bayan ya bayyana cikin alhazai a 2000, X kuma ya addabi Yamai a 2006. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne an kawar da babban mai laifi, amma sababan da suka ba shi dama suna nan daram.

Sababi na farko iska ce. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi tana sauka a kanmu wata da watanni, kuma binciken da aka yi da haɗin gwiwar cibiyar CERMES ta Yamai ya nuna cewa yawan ƙura da tsananin zafi suna tafiya tare da ƙaruwar cutar. Fahimtar da ta fi rinjaye ita ce busasshiyar iska tana raunana fatar hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanya. Shi ya sa annobar kan yanke da faɗuwar ruwan farko. Sai cunkoso a ɗakin kwana, da hayaƙin murhu, da zirga-zirgar kasuwanni da ci-rani tsakaninmu da Kano da Jigawa da Katsina, wadda ba ta san iyakar da Turawa suka shata ba. Sababin da na fi ba nauyi kuwa shi ne yawan haihuwa: a ƙasar da wajen rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, duk wata kariya da aka gina da shaushawa ta lokaci ɗaya tana zaizayewa da kowace shekara, muddin ba a sa allurar cikin jerin na jarirai ba, kuma ta kai ga kowane jariri.

Masu bincike sun jarraba wata hanya a gundumar Madarunfa a 2017, inda suka ga cewa idan aka ba dukan mutanen ƙauye ƙwayar ciprofloxacin guda da zarar an sami mai cutar, kamuwa na raguwa da wajen kashi 60 cikin ɗari, alhali ba wa mutanen gidan majinyaci kaɗai bai nuna wani amfani bayyananne ba. Maslahar a fili take, amma mafsadar ma ba ɓoyayyiya ba ce, domin yawan raba irin wannan magani yana koya wa wasu ƙwayoyin cuta jure masa. Don haka nake ganinsa a matsayin abin larura, a yi shi gwargwadonta kafin allura ta iso.

Babban fata yanzu yana kan allurar Men5CV, wadda ta haɗa A da C da W da Y da X, ita ce ta farko da ta ƙunshi X. An gwada ta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a Yuli 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a cikin shekarar. Shawarar masana ita ce a yi wa kowane yaro guda ɗaya tsakanin wata 9 da wata 18, a kuma yi gangami ga 'yan shekara 1 zuwa 19 a yankunan da haɗari ya fi yawa. Ingancinta ba abin shakka ba ne. Abin da zai yanke hukunci shi ne ko za ta riƙa isa Dungas da Magarya kafin hunturu, cikin sanyin da take bukata, ga iyayen da liman da mai gari suka gamsar. Rawar malamai a nan babba ce, domin riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma tarihin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba sananne ne a kowane zaure.

Akwai kuma gyara biyu da allura ba za ta yi ba. Mutum 111 ne kawai cikin 559 gwaji ya tabbatar da cutarsu, ƙasar da ba ta ɗebo ruwan laka ta auna da sauri kuwa ba za ta san wane jinsi ke ƙofarta ba sai ya shigo, bare ta bambance shi da ƙwayar ciwon huhu, wadda ita ma tana kawo sanƙarau kuma wannan allura ba ta taɓa ta. Na biyu, ƙididdiga takan tsaya ga waɗanda suka rasu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi yana fita da naƙasa: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓɓai, ko nauyin fahimta. Hakkin waɗannan yara ne a auna jinsu kafin a sallame su daga asibiti, a sake dubawa bayan 'yan makonni, a kuma nema musu gurbi a makaranta, ta allo ko ta boko, inda malami ya san cewa yaron da ba ya amsa kira ba taurin kai yake yi ba.