Ɗakin Caca Marar Ƙofa

A dā, mai caca sai ya laɓe ya nufi bayan kasuwa, yana waiwaye kada wani ya gan shi. Yau kuwa akwai ɗakunan caca da ba su da ƙofa, ba su da taga. A cikin intanet suke. A can ake buga wata irin karta da ake kira poka, inda mutane da ba su taɓa ganin juna ba suke zuba kuɗi, mai rinjaye ya kwashe.

Ɗaki na farko da aka zuba kuɗi na gaske shi ne Planet Poker, a shekarar 1998. Amma a 2003 ne abin ya bunƙasa. Wani akanta Ba'amurke, Chris Moneymaker, ya shiga wasa a ɗakin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Daga nan ya sami kujera a babbar gasar duniya ta birnin Las Vegas, ya ci dala miliyan 2.5. Labari ya bazu. Masu shiga gasar nan 839 ne a 2003, amma a 2006 sun kai 8,773.

To, ina ribar mai ɗakin? Shi ba ya karawa da kowa. La'ada yake yanka daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye, sau da yawa kamar kashi 5 cikin 100. Bari mu yi lissafi irin na aji. Mutum shida sun zauna, kowa da dala 100. A kowane zagaye ana tara dala 20, mai ɗaki ya ɗauki 1. Bayan zagaye 100, kuɗin mutum guda cur ya koma aljihunsa, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi. Ga shi kuma na'ura ta fi hannu saurin raba karta, har mutum ɗaya yakan zauna a tebur da yawa a lokaci guda. Poka kuma ƙugiya ce. Wanda ya shigo dominta, sai a nuna masa cacar ƙwallo da sauransu, gama manyan kamfanonin caca sun sayi ɗakunan. PokerStars kansa an sayar da shi dala biliyan 4.9 a 2014.

Ko kuɗin da mutum ya ci ma ba lallai ya ga hannunsa ba. Ran 15 ga Afrilu, 2011, hukumar Amurka ta rufe wa mutanenta manyan ɗakuna uku. Masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa suna bin ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, wajen dala miliyan 390, alhali abin da yake da shi a banki bai wuce miliyan 60 ba. Wasu sun yi shekaru suna jiran kuɗinsu.

Ya ku iyaye, wayar da ke hannun 'ya'yanmu tana iya kai su can cikin dare, mu kuwa muna barci. Faɗa kaɗai ba zai isa ba. Mu zauna da su mu yi lissafin nan tare. Yaron da ya gane wanda yake cin ribar, da wuya ya kai masa guminsa.