Gidan Igwai: Wa Zai Ji Koken Ɗalibi?

Wanda ke zaune a Gidan Igwai, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa, ba sai rediyo ta gaya masa ko jami'a na buɗe ba. Da an sallame sallar asuba zai ga samari da jaka a baya, 'yan mata cikin hijabi rungume da takardu, kowa na tsayar da ɗan kabu-kabu ya kai shi inda zai hau motar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, can ƙetaren gulbi, bayan fadamar Kwalkwalawa. Ranar da aka ga samarin nan a bencin mai shayi har hantsi ya dubi ludayi, to malamai sun ajiye alli.

An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, aka fara karatu a 1977, a 1988 kuma aka sa mata sunan Mujaddadi. Ta taɓa rufuwa saboda ruwa: ambaliyar Satumban 2010 ta yanke hanyar da ta haɗa ta da gari, sai da sojoji suka kafa gadar wucin gadi. Wannan kowa ya ce daga Allah ne, aka yi haƙuri. Rufewar da ke ci wa unguwa tuwo a ƙwarya ita ce wadda mutane ke jawowa da hannunsu.

A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata tara tana yajin aiki. Ba a gama farfaɗowa ba ta sake tafiya ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Tushen rigimar tsohuwar yarjejeniyar 2009 ce da gwamnati ta sa wa hannu ta yi watsi da ita, sai kuma tsarin biyan albashi na IPPIS da malaman suka ce bai dace da jami'a ba. Kotun ma'aikata ta umarce su da komawa aji a Satumba, suka ɗaukaka ƙara, kotun gaba ta ce su fara bin umarnin tukuna. Aka riƙe musu albashin watannin, sai a 2024 aka biya wata huɗu daga ciki. Ni dai ina ganin malaman suna da gaskiya a mafi yawan abin da suke nema. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, ga zafin Sakkwato, ga babu wuta, bai yi laifi ba don ya ce a gyara.

Amma malami yana da ƙungiya da lauya, minista yana da ofis da 'yan jarida. Ɗalibin Gidan Igwai ba shi da kujera a teburin. Kuɗin hayar ɗakin da abokinsa baƙo ya biya ya ƙone. Shekarunsa suna tafiya, alhali wanda ya haura talatin kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Budurwar da aka ce a jira ta gama, dangi sun fara cewa a yi auren kawai. Uba kan leƙa zaure ya ce, "Kai, har yanzu ba su ce komai ba?" Ɗan ya ce, "Wallahi Baba, sun ce za su sake zama." Wasu sun kama ɗinki, wasu cajin waya, wasu sun bi motar albasa zuwa kudu, kuma ba duka suka dawo aji ba.

Ko jami'a na buɗe, koken ɗalibi a jami'o'inmu hanyarsa doguwa ce. Sakamako ya ɓace, ko an kama shi da zargin satar amsa: daga jami'in jarrabawa zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, zuwa kwamitin ladabtarwa, zuwa majalisar dattawan jami'a. Dokar na nan a rubuce, sai dai yaron da aka raina a kan kada ya ɗaga ido gaban malami ba ya iya rubuta takarda a kan malamin da zai sake duba masa jarrabawa baɗi. Doka kuwa tana bayansa. Bayan tarzomar Jami'ar Maiduguri ta 1983 an kori ɗalibai, suka kai ƙara, Gani Fawehinmi ya tsaya musu. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, domin mataimakin shugaban jami'ar da aka yi wa ɓarna a tarzomar shi ne ya shugabanci kwamitin bincike, kuma laifi irin na ƙone-ƙone kotu ce ke da hurumin yanke shi. Malamai 49 da Jami'ar Ilori ta kora a 2001 sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Malamai ke nan, shekara takwas. Ɗan mai sayar da goro fa?

Abin da ke ba ni takaici shi ne, garin nan ya daɗe da sanin yadda ƙarami ke faɗa wa babba gaskiya ba tare da an yi baram-baram ba. Da azumi ya kai goma yaran unguwa ke fitowa tashe. Za ka ga ɗan shekara tara ya liƙa gemun auduga, ya naɗa tsumma a ka, ya rungumi allo, yana tafiyar ƙasaita irin ta malam. Sauran su tuhume shi da laifi, ya musanta da rantsuwa, can sai asiri ya tonu gaban kowa. Malamin gaske na zaune a ƙofar gidansa yana dariya, har ya sa a miƙo musu hatsi. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke kwaikwayon sarki da fadawansa, shi kuma ya ga abin da ba mai iya gaya masa baki da baki. A ƙauye bayan kaka akwai kalankuwa, samari su naɗa nasu sarki da alƙali, su yi shari'a.

'Yan boko na farko sun gane amfanin wannan gado. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin da ke sukar zaluncin masu iko, kafin ya zo koyarwa a Maru, cikin lardin Sakkwato na wancan lokaci. Abubakar Tunau, ɗan wannan lardi, ya rubuta Wasan Marafa a shekarun 1940, ɗaya daga wasannin Hausa na farko da aka buga. Manya a unguwar nan har yau suna tuna Idon Matambayi na gidan talabijin na NTA Sakkwato. A Zariya kuwa, daga tsakiyar shekarun 1970, Michael Etherton da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyuka irin su Soba, a ji matsalar manoma, a mayar da ita wasa, a yi shi gabansu, sannan a zauna a tattauna.

Jami'ar da ta iya kai wasa ƙauye don manomi ya yi kuka, ya kamata ta iya yi wa nata ɗaliban haka. Kwamitoci su tsaya yadda suke, amma a sa wa kowane ƙorafi wa'adin amsa a rubuce, wanda ake ƙara kuma kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Sannan a makon da ƙungiyar Hausa ke bikinta, a bar ɗalibai su sa rigar jami'in jarrabawa da ta shugaban ƙungiyar malamai da ta minista, su nuna yadda takarda ke ɓacewa da yadda wata takwas ke wucewa a zaure. Shugaban jami'a da magatakarda su zauna a sahun gaba har a tashi, kuma kada a kira yaron da ya sa rigar gaban kwamiti washegari.